Harafi Ɗaya a Jinin Hamma Buba

Na sauka a Koriya ta Kudu a farkon watan Maris, da akwati ɗaya da jakar goyo, da wata 'yar takarda a aljihuna mai ɗauke da adireshi. Daga filin jirgi na hau bas na awa uku zuwa birnin da jami'ar take. Ban ji tsoro a hanya ba, domin na san akwai mai jirana a tasha.

Mai jiran nawa wani ne da ya ce sunansa Alhaji Sabo. A wani zauren intanet na ɗaliban Najeriya na same shi, wata biyu kafin tafiyata. Abin da ya sa na saki jiki da shi, Hausa yake yi mini, irin ta manya, yana ce mini ƙanwata. Ya ce ya daɗe a ƙasar, kuma gidan ɗalibai ba zai yi wa mace mai sallah daɗi ba. Ya turo mini hoton wani ɗaki mai babbar taga da ɗan kicin, ni kuwa na tura masa kuɗin kama ɗakin.

Na sauka a tasha ban ga kowa ba. Na kira lambarsa, wata murya ta amsa da yaren da ban iya ba, na sake kira, ta sake amsawa. Na tari tasi na miƙa wa direba takardar. Ya kai ni, ya nuna mini wurin da hannu. Wurin wankin mota ne. Na ce ya mayar da ni tasha, don ita kaɗai na sani a duk faɗin ƙasar.

Na zauna a kan benci tun azahar, sanyi yana shiga ta takalmina. Mutane suna wucewa da sauri, ba mai kallona, ba mai kallon kowa. Da la'asar wata tsohuwa mai share tashar ta zo ta tsaya a gabana da tsintsiyarta. Ta yi magana ban gane ba. Ta tafi ta dawo da gwangwanin shayi mai zafi, ta damƙa mini a tafin hannu, ta rufe yatsuna a kai da nata hannun. Sannan ta nuna takardar jami'a da ke kan cinyata, ta ciro wayarta ta kira lambar da ke jiki. Kafin magariba wani ma'aikacin ofishin ɗalibai ya zo ya ɗauke ni. Ban san sunan matar nan ba. Na koma tashar sau biyu daga baya ina nemanta, ban dace ba.

Ɗakin da aka samo mini ba shi da taga. Idan na miƙa hannuwana biyu sai in taɓa bangon dama da na hagu. Gado, tebur, ƙugiyar rataye riga, shi ke nan. Idan zan yi sallah sai na ɗora kujera a kan gado kafin darduma ta samu wuri. Nan na zauna shekara uku da rabi.

Sunana Hadiza, a gida Dija ake ce mini. A unguwar Sarkin Dawaki da ke Jalingo aka haife ni. Mu biyu ne wurin Inna, ni da yayana Hamma Buba. Baffanmu, wato mahaifinmu, fataucin gyaɗa da riɗi yake yi, yana saro kaya daga kasuwannin Iware da Garba Chede, har ciwon hanta ya kwantar da shi ina aji biyar na sakandare. Cikinsa ya kumbura, sauran jikin ya zube, wata huɗu ya rasu. Hamma Buba ya gaji sito da abokan ciniki. Ya kuma gaji ƙwayar cutar hanta nau'in B, wannan sai daga baya muka sani, lokacin da na fara aiki a ɗakin gwaje-gwajen wani asibiti a garin na matsa masa ya zo aka duba shi.

Shekara takwas ina wannan aiki. A cikinsu na ga irin Baffa ba adadi, maza masu ƙarfi, manoma da 'yan kasuwa, ba sa zuwa sai ciki ya riga ya tashi, lokacin da likita ba shi da abin yi sai ba da haƙuri. Abin da ya kai ni Koriya ke nan. Na karanta cewa masana suna neman hanyar gano kansar hanta tun tana ƙarama, daga jini kaɗai. Bayanin a taƙaice shi ne, gyaɗa ko masara idan ta sha danshi a ajiya takan yi fumfuna, fumfunar tana fitar da wata guba. Gubar idan ta isa hanta takan taɓa DNA, wato rubutun gado da ke cikin kowace ƙwayar halitta, wanda aka rubuta da haruffa huɗu kacal. Akwai wani sashe na rubutun da aikinsa shi ne tsawata wa ƙwayar da ta fara lalacewa, ya hana ta yaɗuwa. A nan gubar take canza harafi ɗaya, G ya koma T, sai mai tsawatarwar ya yi shiru. Idan mutum yana da cutar hanta a kan haka, haɗarin ya ninka. Ƙwayoyin da suka mutu kuwa suna zubar da ɓurɓushin rubutunsu cikin jini. Aikina shi ne in koyi tsinto wannan harafi ɗaya a cikin ɓurɓushin.

Kafin in taho, ni da wani likita da muke aiki tare mun tara jinin masu cutar hanta da suka yarda, kowa ya sa hannu ko ya dangwala. Ba a rubuta suna a kan kwalba, lamba ake sawa. Hamma Buba ya nace sai an sa shi. "Ke da za ki kai jinin mutanen gari ƙasar waje, nawa ne bai cancanci hawa jirgi ba?" Likitan ne ya ɗebi jinin, amma ni na manna lambar. Bai kamata in san ta ba. Na yi ta ƙoƙarin mantawa, ta ƙi mantuwa.

Wata bakwai jinin yana firiza a Najeriya ana neman takardun izinin fitar da shi. A wannan watanni ba ni da abin yi a lab, wato ɗakin gwaje-gwaje, sai koyo da wanke kwalabe. Farfesan da nake ƙarƙashinsa mutum ne mai yawan tafiya, sau ɗaya a mako muke ganinsa, kowa ya miƙe ya rusuna. Ya haɗa ni da wani babban ɗalibinsa mai suna Minho, ya ce shi zai nuna mini hanya. Minho yana jin Turanci, ba ya faɗa, ba ya kuma dariya. Sauran ɗaliban ba mugaye ba ne, kunyar Turancinsu suke ji, don haka idan na shigo sai hira ta mutu. Da rana su tafi cin abinci tare. Sun gayyace ni sau biyu, na je na kasa cin komai sai farar shinkafa, saboda ban san wane kwano ne ba alade a ciki. Daga nan suka daina, ni ma na ji sauƙi, na kuma ji zafi.

Akwai ranar Asabar da na lura tun Alhamis ban buɗe baki na yi wa ɗan Adam magana ba. Na ce “salamu alaikum” a cikin ɗakin, don kawai in ji ko muryata tana nan.

Tsakaninmu da gida awa takwas ne. La'asar ɗina ita ce safiyarsu. Kullum ƙarfe huɗu nakan fita bayan lab, wurin matakala inda nake shimfiɗa darduma, in kira Inna, in gaishe ta da Fulatanci.

“Inna, a wali jam?”

“Jam, Dija. Kin ci abinci?”

“Na ci.”

“Me kika ci?”

“Shinkafa.”

“Jiya ma shinkafa kika ce.”

Ba maganar nake bi ba, abin da ke bayanta nake saurara: zakara, ƙarar bokiti a bakin rijiya, Adda Mairo matar Hamma tana kiran yara su zo su yi wanka, mai koko tana wucewa. Wani lokaci Inna takan ajiye wayar ta manta ba ta kashe ba, in tsaya ina jin gidanmu yana rayuwarsa ba ni, har kati ya gargaɗe ni.

Mutum ɗaya ce ta fara matsowa kusa da ni, Madam Yun, mai kula da na'urorin lab. Ta kusa sittin, gajeruwa, gashinta ya yi fari, Turancinta bai wuce kalma hamsin ba. Wata rana ta same ni ina sallah a matakala a tsakiyar hunturu, dusar ƙanƙara tana shigowa ta ƙasan ƙofa. Washegari ta ja hannuna ta kai ni wani ɗan ɗakin ajiyar kwali, ta riga ta share shi, ta ba ni mabuɗi. Ita ce kuma ta koya mini aikin na gaskiya. Ɓurɓushin da muke nema kaɗan ne ƙwarai, numfashi ko gumin yatsa yana iya ɓata shi. Idan hannuna ya yi rawa sai ta bugi bayan hannun da biro, kamar yadda Inna take yi mini ina yarinya idan na zuba gishiri da yawa.

Jinin ya iso a watan Oktoba cikin akwati mai fitar da farin tururi. Na buɗe na ga rubutun hannuna a kan kwalabe. Na tsaya ina kallonsu kamar baƙi sun zo mini daga gida. Wannan na malamin firamare ne, ko na mai gyaran keke, ko na matar nan ta Abbare mai sayar da kunun gyaɗa, ban san wanne ne na wa ba, amma duk na san fuskokinsu.

Shekara guda na yi ina gyara hanyar gwajin, domin jinin ya sha zafi kafin ya shiga firiza, kuma hanyar da lab ɗin ya saba da ita ba ta kama komai a cikinsa. Na canza wannan, na rage wancan, na lalata gwaji ya fi a ƙirga. Ranar da na'ura ta fara nuna harafin a fili, a jinin waɗanda aka riga aka tabbatar suna da kansar hanta, Madam Yun ta tafa hannu sau ɗaya ta koma aikinta. Na kai wa Minho sakamakon, ya ce in ba shi duka ya duba mini.

Bayan wata biyu na ga takardar da za a aika wa mujalla. Sunan Minho ne a farko, na Farfesa a ƙarshe, nawa na huɗu a tsakiya. Jalingo ba ta fito ko sau ɗaya ba, an rubuta “samfurori daga Afirka ta Yamma”. Likitan da muka tara jinin tare babu shi sam. Na jira ranar Farfesa na shiga ofishinsa.

“Farfesa, wannan aikin ni na yi shi.”

Ya cire tabarau. Ya ce ya sani. Ya ce Minho yana bukatar takardar don ya kammala bana, ni kuwa ina da sauran lokaci, ta gaba tawa ce. Ya faɗa a hankali, kamar mai bayyana wa yaro dalilin da ya sa babba yake fara wanke hannu.

Na ce to, a sa sunan likitan, a kuma rubuta sunan garin. Ya ce za a sa. An sa. Nawa ya zauna a na huɗu. Na fito na shiga ɗakin kwali na rufe ƙofa. Ban gaya wa Inna ba, don ban san ta inda zan fara bayyana mata cewa an ƙwace mini wuri a jerin sunaye ba. Hamma na gaya wa. Ya yi dariya ya ce, “Dokta, ko a kasuwa wanda ya ɗauko buhu daban, wanda ake kira mai kaya daban. Ki bar su. Hannunki dai ya iya, ko?” Na ce ya iya. Tun ban fara karatun ba yake kirana Dokta.

Daga nan na shiga rukuni na biyu, jinin waɗanda suke da cutar hanta amma lafiyarsu ƙalau a ido. Lambar Hamma tana ciki. Na sa ta a tsakiyar layi don kada in kula da ita. Wata safiyar Talata sakamako ya fito a kan allon kwamfuta, na bi layi-layi da yatsa. Yawanci babu komai. Na iso kan lambarsa, sai ga harafin.

Na ce kuskure ne. Na ɗauko ragowar jinin na sake tun daga farko, kwana biyu. Ya sake fitowa. Na sake na uku da sababbin sinadarai. Madam Yun tana kallona tun na biyu. A na ukun ta zo ta tsaya a bayana, ta dubi allo, ta dube ni.

“Wa?” ta ce da Turanci.

Na ce, “Yayana.”

Ta karɓi kwalbar daga hannuna, ta sa safar hannu, ta yi gwajin da kanta daga farko har ƙarshe, ba ta bar ni na taɓa komai ba. Da ya fito ba ta kira ni ba. Ta zo ta ajiye takardar a gabana a kife, ta ɗora hannunta a kafaɗata.

Na san abin da ilimin ya ce. Ganin harafin ba ya nufin lallai akwai kansa. Yana iya bayyana a jinin wanda bai da komai, yana iya riga ciwon zuwa. Gwajin bincike ne, ba a yarda a gaya wa majiyyaci sakamakonsa a matsayin hukunci ba. Ka'idarmu ita ce a sanar da likitan Jalingo lambobin, shi ya kira masu su a yi musu hoton ciki. Na aika masa a ranar. Amma jinin nan an ɗebe shi kusan shekara biyu da suka wuce. Duk abin da na gani a allo tsohon labari ne. Wannan lissafin ne ya hana ni cin abinci.

Ƙarfe huɗu na kira Hamma. Yana kan hanyar Iware, ina jin iska da ƙarar mota.

“Hamma, likita zai kira ka. Don Allah ka je a yi maka hoton ciki.”

“Lafiya? Ni fa ƙalau nake. Jiya ni na sauke rabin mota da kaina.”

“Na sani. Ka je dai.”

“Kin ga wani abu ne a jinin nawa?”

Ya ce wa direba ya rage gudu.

“Dija, ba Dokta nake tambaya ba, ƙanwata nake tambaya.”

“Na ga abin da ban so ba. Ba tabbas ba ne. Hoton ne zai faɗa.”

“To. Kaka ce yanzu, kin san yadda take. Bari a gama kwashe gyaɗa.”

Na roƙe shi, na yi fushi, na yi kuka, na haɗa shi da Adda Mairo. Bai je ba sai watan Janairu. Hoton ya nuna ƙari guda biyu a hanta. Aka tura shi wani babban asibiti a wata jihar, likitocin can suka duba suka ce ɗayan ya zauna a kan babbar jijiya, ba ya yankuwa. Suka ba shi magunguna, suka ce ya riƙa zuwa.

Na ce zan dawo. Ya ce in na dawo me zan yi, in zauna ina kallonsa? Ya ce, “Inna tana nan, Mairo tana nan, masu kallo sun isa. Ke ki gama abin da ya kai ki.” Tallafin karatuna ma bai yarda da doguwar tafiya a tsakiyar zango ba. Na sa a raina zan je a watan Disamba. Har yau idan na tuna yadda na zauna na zaɓi wata, kamar abin a hannuna yake, sai in ji kunyar kaina.

Watannin nan na san ciwon Hamma ta murya kawai. Ya hana a nuna mini shi a bidiyo, wai wayarsa ba ta da kyau. Da farko yana tsokanata kamar kullum. Daga baya ya fara hutawa a tsakiyar magana. Daga baya Adda Mairo ce take riƙe masa wayar. Ni kuwa da safe in shiga lab, in ɗauki ƙwayoyin kansar hanta da muke renonsu a faranti, in ba su abincinsu, in duba su a madubin ƙara girma. Suna da kyan gani, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ina ciyar da su a nan, 'yan'uwansu suna cin yayana a can.

A watan Satumba mutanen ƙasar suna da bikin kaka, kowa yakan tafi garinsu wurin iyaye. Birnin ya zama kango, shaguna a rufe, lab ba kowa sai ni da ƙugin firiza. Ranar farko ta hutun, wajen ƙarfe biyu na rana, wayata ta yi ƙara. Ba a kirana daga gida a wannan lokacin, ni nake kira. Kawu Jauro ne, ƙanin Inna.

“Dija, sai haƙuri. Buba lokaci ya yi, bayan sallar asuba.”

Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ce a ba ni Inna, ya ce ba za ta iya ba yanzu. Ina jin gidan a cike, ana ta sallama, ana shimfiɗa tabarmi. Ya ce za su kai shi da hantsi, ya kashe.

Na cire safar hannu. Na mayar da faranti cikin na'urar ɗumi, don ban san abin da zan yi da shi ba. Na taka har ɗakina. A gida idan aka yi rasuwa ba a barin mutum shi kaɗai ko na minti ɗaya, har sai ya gaji da mutane. Ni na zauna a bakin gado, bango a dama, bango a hagu. Ba wanda ya san an yi mini mutuwa a duk ƙasar. Na yi alwala na yi masa addu'a. Na lissafa lokacin da za su ɗauke shi, na miƙe tsaye, ban san dalili ba, na tsaya har na ƙiyasta sun isa maƙabarta. Kwana uku ina nan. Saƙonni suna shigowa a waya, ina amsawa da amin, amma kunnena bai ji ta'aziyya daga bakin mutum ba.

Rana ta huɗu na koma lab. Madam Yun ta dawo daga ƙauyensu da ƙunshin wainar shinkafa ta kawo mini. Ta dubi fuskata ta ajiye ƙunshin. Na gaya mata. Ta ja kujera ta zauna kusa da ni. Can ta ciro wayarta ta rubuta, wayar ta fassara: “A garinku me ake yi?”

Na rubuta mata cewa zama ake yi. Mutane su zo su zauna da kai, su ce Allah ya jiƙansa, kai kuma ka ce amin.

Ta ce in faɗi kalmomin a hankali. Na faɗa, ta rubuta su da haruffansu a bayan wata takarda, ta maimaita har sau biyar. Sannan ta miƙe, ta gyara rigarta, ta rusuna, ta ce, “Alla ya jikan-sa.”

Na ce amin. A nan ne kukan ya zo.

Washegari ta sa aka kwashe kwalayen ɗakin ajiya aka jera kujeru, ta zaunar da ni. Ɗaliban lab suka riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da 'yar takarda a hannu, ya rusuna ya karanta, ya zauna kaɗan, ya fita. Wata ta kawo farin fure. Minho ya riga ya kammala ya koma wani gini, amma ya zo. Ya karanta nasa ba tare da ya ɗago kai ba, na ce amin, ya zauna ya fi kowa daɗewa. Bai ce komai game da takardar ba, ni ma ban ce ba.

Sauran shekarar na yi ta kamar mai tafiya cikin ruwa. Na gama rukuni na biyu, na rubuta takardata, sunana a farko. Lambar Hamma tana cikin jadawali na uku, layi ɗaya a cikin layuka, ba wanda zai san ko wane ne. Na kare kundina a gaban malamai biyar. Ranar da zan taho Madam Yun ta raka ni har tasha, ta ba ni biron da take bugun hannuna da shi.

Na iso Jalingo da damina, duwatsu sun yi kore shar. Inna ta tsufa fiye da shekarun da na yi a waje. Ta riƙe fuskata da hannu biyu ta ce na rame, ta ce shinkafa ba abinci ba ce. Ba mu yi maganar Hamma ba a ranar. Na ga takalmansa a ƙarƙashin gadon Adda Mairo, a goge.

Washegari da safe, ko shayi ban sha ba, Adda Mairo ta leƙo ta ce ana sallama da ni a zaure. Na yafa mayafi na fita. Maza bakwai ne a tsaye, 'yan kasuwar gyaɗa, wasu na san su tun zamanin Baffa. Suka yi mini ta'aziyya, suka yi mini barka da dawowa. Wani dattijo mai suna Yakubu, Bamumuye, wanda ya fi shekara ashirin yana auna wa gidanmu kaya, shi ya yi magana, da irin Hausarsu mai musanya namiji da mace.

“Buba ta ce mana, in ƙanwarsa ya dawo, mu zo ya duba jininmu. Ta ce kai ne ka gani tun ba a gani ba. Tun tana kwance take faɗa, kowa ya zo gaishe shi sai ta faɗa.”

Adda Mairo tana bayana. Ta ce a hankali, “Har sunayensu ya sa na rubuta. Waɗannan na farko ne.”

Na'urar da na yi aiki da ita tana can inda na baro ta, babu irinta a nan, ban kuma san ranar da za a samu ba. Na gaya musu gaskiya. Na ce abin da zan iya yanzu shi ne a gwada kowa a ga ko yana da cutar hanta, wanda yake da ita a sa shi a magani, a riƙa yi masa hoton ciki a kan lokaci ba sai ya ji ciwo ba. Na ce su same ni a asibiti ranar Litinin. Suka ce to, suka fara neman takalmansu.

Malam Yakubu ya matso bakin ƙofa inda haske yake, yana yi mini godiya. Sai a lokacin na ga idanunsa sosai. Farin ya koma rawaya.

“Baba Yakubu, tun yaushe idonka ya yi haka?”

“Wannan? Shawara ne kawai. Ina shan saiwa.”

Na ce wa sauran Litinin ɗin tana nan. Na ce wa Adda Mairo ta gaya wa Inna ta rufe mini shayin. Na sa takalmi, na ce, “Baba, kai ba Litinin ba. Mu je yanzu.”

Ya ce kayansa suna kasuwa ba mai tsaro. Na ce su jira. Na riƙe hannun rigarsa har bakin titi, ban sake shi ba sai da keke ya tsaya.